Ɗan Aiken da ke Cikin Wayarka: Wa ke Ciyar da Shi?

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ya gabatar wa matasa a zamansu na mako-mako. Mun kawo muku shi kamar yadda aka naɗa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa da alayensa, 'yan uwa, abin da aka nemi in yi magana a kai yau shi ne burauza, wato manhajar nan da muke buɗewa a waya ko a kwamfuta in za mu shiga intanet, irin su Chrome da Opera Mini da Firefox da Phoenix. Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne, me zai sa a tara mutane a kansa? To, kowa ya tambayi kansa, daga makon jiya zuwa yau me da me ya rubuta a ɗan akwatin nan na bincike? Wani ciwon da yake jin kunyar gaya wa likita ne ya bincika. Wani mas'alar wanka ce da ya kasa tambayar Malam a gaban jama'a. Wani bashi yake nema, wani aiki, wani kuma sunan yarinyar da yake son a nema masa ya rubuta. Abin da ba ka gaya wa amininka ba, ka gaya wa burauza.

Ku ɗauki burauza kamar ɗan aike. Kai ba ka zuwa shafin da ƙafarka. Adireshi kake ba shi, ya tafi wurin kwamfutar da shafin yake ajiye, ya karɓo, ya shimfiɗa maka a fuskar waya. Duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa ya san abu biyu ake dubawa, yana da sauri kuma yana da riƙon baki. Amma akwai na uku da mukan manta, shi ne wa ke ciyar da yaron nan? Babu ɗayanmu da ya taɓa biyan ko kwabo don ya sauke burauza, alhali masu ita suna biyan injiniyoyi albashi mai tsoka kowane wata. Banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa.

Mu fara da babbar cikinsu. Chrome ta kamfanin Google ce, ta fito a 2008, kuma yau kusan biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya da ita suke shiga. A gaskiya tana da kyau, tana da sauri, ana yawan toshe mata ɓarakar da ɓarayi ke bi, kuma da wuya ka samu shafin da ya ƙi buɗewa a cikinta. To amma sana'ar mai ita fa? A 2023 kamfanin Alphabet, uwar Google, ya samu dala biliyan 307, kuma kimanin biliyan 238 daga ciki kuɗin talla ne. Talla kuwa tsadarta tana zuwa ne daga sanin wanda za a nuna wa. Mai sayar da babur ya fi son ya biya don a nuna wa saurayin da ya kwana uku yana duba farashin babur, a kan a nuna wa tsohuwar da ba ruwanta. Saboda haka sanin ka shi ne hajar. Don ku san darajar abin, a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana a kotu cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera wayoyi da masu burauzoji don kawai ya zama shi ne akwatin binciken da mutum zai tarar in ya kunna. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa kamfanin ya yi babakere ta haramtacciyar hanya. Wanda ya biya wannan kuɗi don ya tsaya a bakin ƙofarka, ai ya san abin da yake samu a wurin.

Ta yaya ake bin sawun? Hanya ta farko ita ce abin da suke kira kukis. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, kuma da kyakkyawar manufa. Wata 'yar alama ce da shafi ke ajiyewa a burauzarka don in ka dawo ya gane ka, kamar katin asibiti, kada kullum a sake tambayar ka suna. Wannan ba laifi. Matsalar ita ce shafi ɗaya da ka buɗe ba shi kaɗai ke nan ba. A cikinsa akwai allon talla na wani kamfani, da maɓallin Facebook, da ma'aunin ƙirga baƙi na wani kamfanin daban, kuma kowannensu yana iya liƙa maka tasa alamar. Ku ƙaddara dillali guda ne yake da yaro a kowace kasuwa. Ka je Kwari yaronsa ya rubuta, ka je Dawanau ya rubuta, ka shiga kantin magani ya rubuta, da yamma su haɗa littattafansu. Ba su buƙatar ka gaya musu komai, zirga-zirgarka ta ishe su. Safari ta kamfanin Apple ta toshe irin waɗannan kukis na 'yan ba-ni-na-iya gaba ɗaya a 2020, Firefox ma ta fara toshe na masu bin sawu tun 2019. Shi kuwa Google a Janairun 2020 ya yi alkawarin cire su daga Chrome cikin shekara biyu, ya yi ta ɗagawa, har a 2024 ya janye maganar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Hanya ta biyu ta fi wuyar magani. Kun san yadda ake cigiyar akuya: ja ce, da farin goshi, kunnen hagu a tsage, tana ɗingishi. Kowace siffa ɗaya akwai awaki dubu masu ita, amma in aka haɗa su sai ta zama akuya guda. To, haka shafi ke tambayar burauzarka, wace irin waya ce, faɗin fuskarta nawa, wane harshe aka saita, wane agogo take bi, yaya take zana hoto. A 2010 ƙungiyar EFF ta Amurka ta gwada burauzoji kusan 470,000, ta tarar fiye da kashi 83 cikin 100 kowacce kamanninta sun fita daban da na kowa. Ma'ana ko ka goge kukis, ana iya gane ka ta kamanni.

Na san a nan wani zai ce, ni ba ni da abin ɓoyewa, su gani mana. Ɗan uwa, gidanku ma ba a aikata laifi a ciki, amma an yi masa zaure, an sa labule a ƙofar ɗaki, kuma baƙo sai ya yi sallama an ba shi izini. Suratun Nur ta karantar da mu neman izini kafin shiga gidan mutane, Suratul Hujurat ta hana binciken sirrin juna. Sutura haƙƙi ce ta mai gaskiya. Kuma bayanin da aka tara don talla ba ya tsayawa a hannun mai talla, sayar da shi ake yi, wanda ya saya shi ma ya sayar. A Nuwamban 2020 jaridar Motherboard ta fallasa cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi ke duba lokacin salla da alƙibla da ita, tana ba wani kamfani mai suna X-Mode bayanan inda masu amfani da ita suke, shi kuma X-Mode cikin masu sayen hajarsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, suka kuma yanke hulɗa da kamfanin. Wannan ba burauza ba ce, amma kasuwar guda ce, dillalan ma su ne dai.

Sai maganar Incognito, hoton nan mai hula da tabarau da samari suka ɗauka layar zana ce. Abin da yake yi kaɗan ne: in ka rufe, ba ya barin tarihin abin da ka buɗe a cikin wayar, wato ƙaninka da zai ari wayar ba zai gani ba. Shi ke nan. Shafin da ka je ya gan ka, kamfanin layinka ya san ka je, mai waya-fai ɗin da ka hau shi ma haka. A 2020 wasu mutane a Amurka suka kai Google ƙara suna neman dala biliyan 5 saboda ya ci gaba da tattara bayanansu alhali suna cikin Incognito. Aka sasanta, a 2024 ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tara, ya kuma gyara rubutun gargaɗin da ke shafin. Kuma tunda mu ya mu ne, bari in faɗa a taƙaice: wanda yake shiga can don ya kalli abin da bai dace ba, ya san mala'ikun da ke rubutu ba a wayar suke dubawa ba.

Yanzu mu zo kan wadda aka fi sabawa da ita a nan, Opera Mini. Ba don komai muke son ta ba sai tsimin data, kuma wannan uzuri ne na gaske, musamman tun da hukumar NCC ta amince a Janairun 2025 a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Amma ku san yadda take tsimin. In ka sa ta a matsanancin tsimi, ba ita ke zuwa shafin ba. Manyan kwamfutocin kamfanin ne ke zuwa su buɗe shafin a can, su matse shi, su rage nauyin hotuna, sannan su turo maka. Wato wasiƙarka sai an buɗe ta a ofishinsu an sake kwafe ta a ƙaramar takarda kafin ta iso. In labarai kake karantawa, ba damuwa. In kuwa kalmar sirri ce ko lambar katin banki, to ka san ta hannun wani ta bi. Opera a ƙasar Nowe aka kafa ta a 1995, a 2016 wasu kamfanonin Sin suka saye burauzar a kan dala miliyan 600. Ban ce suna karanta wasiƙar kowa ba. Abin da na ce shi ne tsarin ya ba su ikon, kuma amana ce ka ba wanda ba ka sani ba. Ita kuwa UC Browser da aka yi yayinta saboda saurin sauke bidiyo, a 2015 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano tana aika lambar shaidar waya da ta layi da abin da mutum ya bincika ba tare da kyakkyawan kulli ba, kuma tana cikin manhajoji 59 da Indiya ta haramta a Yunin 2020. Wannan ni ba na ba kowa shawarar ya riƙe ta.

Burauzar da ta zo a cikin waya tun daga kwali kuma, ku tuna ba don ta fi kyau aka sa ta ba, yarjejeniya ce tsakanin kamfani da kamfani. In ka ga tana cika maka waya da sanarwa da hotunan da ba ka nema ba, ka san a nan take cin abincinta.

To, ina mafita? Firefox ta fito a 2004, kuma tana ƙarƙashin gidauniyar Mozilla wadda ba don riba aka kafa ta ba. Abu biyu ya sa na fi karkata gare ta. Na farko, tana ware wa kowane shafi tasa tukunyar kukis, yaron dillalin da ya gan ka a wannan kasuwa ba zai iya haɗa littafi da na waccan ba. Na biyu, a wayar Android tana karɓar ƙarin kayan aiki, musamman uBlock Origin, wanda kyauta ne, yana toshe tallace-tallace da masu bin sawu kafin ma a sauke su. Chrome ta waya ba ta karɓar irin wannan sam, ta kwamfuta ma daga 2024 zuwa 2025 ta canza ƙa'idojinta har cikakken uBlock Origin ya daina aiki a cikinta. Kuma ga wani amfani da ya shafi aljihu: tallan da aka toshe ba a sauke shi, saboda haka ba ya cin datarka. Tallan caca da hotunan tsiraici da ke faɗo wa mutum yana tsakiyar karatu, mafi yawansu sai su ɓace.

Amma mu yi adalci, ita ma Firefox wa ke ciyar da ita? Mafi yawan kuɗin shigar Mozilla daga Google yake zuwa, ladan sa akwatin bincikensa a gaba. Kuma a Fabrairun 2025 sun sauya wasu kalmomi a sharuɗɗansu, suka cire tsohon alkawarin da ke cewa ba sa sayar da bayanan mutane, aka yi ta ce-ce-ku-ce har sai da suka fito suka yi ƙarin bayani. Sannan a wasu ƙananan wayoyi takan yi nauyi, kuma akwai shafukan da ba a gwada su da ita ba, sai su ƙi tafiya daidai.

Brave ta fito a 2016, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Brendan Eich, wanda ya ƙirƙiro harshen JavaScript a 1995. A kan ginshiƙin Chrome aka gina ta, wanda ake kira Chromium, kamar yadda Edge da Opera da burauzar Samsung suke, saboda haka shafin da ya buɗe a Chrome galibi zai buɗe a cikinta. Daga saukewa tana toshe talla da masu bin sawu ba sai ka saita komai ba, tana kuma ɗan jirkita kamannin nan na cigiyar akuya. Ga wanda ba ya son wahalar saiti, ita ce mafi sauƙi. Aibinta shi ne tana da nata tallan da harkar kuɗin kirifto da take tura wa mutane, ana iya kashe su kuma ya kamata a kashe. A 2020 an kama ta tana liƙa lambar kamasho a adireshin wani shafin kirifto in mutum ya rubuta shi, suka ba da haƙuri suka cire. Ita ma DuckDuckGo, mai tutiyar sirri, a 2022 aka gano burauzarta tana ƙyale masu bin sawu na Microsoft saboda wata yarjejeniya, daga baya suka gyara. Kun ga ke nan babu waliyyi a cikinsu. Bambancin shi ne wasu sana'arsu ta dogara da su san ka, wasu kuma ta dogara da ka yarda da su, kuma na biyun in aka kama su dole su gyara ko su rasa kasuwa.

Tor kuma daban take. Asalin dabarar daga ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ta fito a shekarun 1990, yanzu wata ƙungiya mai zaman kanta ke kula da ita tun 2006. Tana bi da saƙonka ta tashoshi uku, na farko ya san ka amma bai san inda za ka ba, na ƙarshe ya san inda za ka amma bai san ka ba. 'Yan jarida da masu fallasa zalunci suna amfana da ita. Sai dai tana da nawa ƙwarai, shafuka da yawa suna ƙin ta, kuma kamfanin layinka yana iya ganin cewa Tor kake amfani da ita ko da bai ga abin da kake yi ba. In kuma ka shiga ta cikinta ka buɗe Facebook da sunanka, ai an gudu ba a tsira ba.

Shawarata ita ce kada ka ɗora wa ɗan aike ɗaya duk sirrinka. Ka riƙe biyu. Chrome ka bar ta don banki da shafukan JAMB da na makaranta da na neman aikin gwamnati, inda dama da sunanka za ka shiga kuma ba ka son shafi ya maƙale maka a tsakiyar biyan kuɗi. Karatu da bincike da tambayoyinka na kai da kai kuma ka yi su a Firefox mai uBlock Origin ko a Brave, kuma kada ka shiga akawun ɗinka na Google a cikinta, domin da zarar ka shiga ka gabatar da kanka da bakinka. Wacce daga cikin biyun? Ka sauke kowacce ka yi mako guda da ita, wayarka za ta gaya maka. Burauzar da ta fi kowacce tsaro amma tana sa wayarka zafi tana tsayawa, bayan kwana uku za ka watsar da ita ka koma gidan jiya, wannan kuwa ba ta tsare ka da komai ba. Ka shiga wurin saiti ka canza akwatin bincike ma, don ko a Firefox in ba ka canza ba Google za ka tarar. Opera Mini a ajiye ta don ƙarshen wata in data ta yi ƙasa, a karanta labarai kawai.

Ku kuma san iyakar abin. Layinka yana haɗe da lambarka ta NIN tun umarnin da aka bayar a Disamban 2020. In adireshin shafi ya fara da https, kamfanin layi ba ya ganin abin da kake karantawa a ciki, amma galibi yana ganin sunan shafin da lokacin da ka je. Babu burauzar yau da kullum da za ta canza wannan. Manhajojin VPN na kyauta da aka yi ta saukewa lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, su ma ɗauke ganin suke yi daga kamfanin layi su miƙa wa mai VPN ɗin, shi ma sai a tambaya wa ke ciyar da shi. Akwai kuma ƙofar da mukan manta: in ka taɓa adireshi a cikin Facebook ko Instagram ko TikTok, ba burauzarka ce ke buɗe shi ba, wata ce tasu ta cikin gida. A 2022 wani mai bincike, Felix Krause, ya nuna cewa a wayoyin iPhone waɗannan manhajoji suna cusa nasu umarnin a cikin shafukan da aka buɗe ta nan, ta TikTok har tana da ikon lura da abin da mutum ke latsawa, kodayake kamfanin ya ce ba ya amfani da shi don haka. Maganin mai sauƙi ne, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi a buɗe a burauzarka.

Abu na ƙarshe ya shafi al'adarmu ta a tura min. Kada ka karɓi burauza ta Xender daga wayar aboki ko daga shagon masu ɗora fina-finai. Ba ka san ko tsohuwa ce ba, ba ka san ko an cusa mata wani abu ba, kuma irin wannan sau da yawa ba ta sabunta kanta. Ka sauke daga Play Store, ka duba sunan kamfanin da ya yi ta, kuma in ta nemi sabuntawa ka bar ta ta yi ko da za ta ci megabait ɗari, domin yawancin sabuntawar nan toshe ramukan da ɓarayi suka gano ne. Kalmomin sirrin da ka bar burauza ta adana maka kuma, duk wanda ya san lambar buɗe wayarka yana iya shiga saiti ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kafin ka miƙa waya ga mai gyara tare da lambarta, ka fita daga akawun ɗinka ka goge su, ballantana in a ciki akwai lambobi da hotuna da saƙonnin wasu 'yan uwa da suka ba ka amana.

Wanda yake son a saita masa, ya tsaya bayan an tashi, akwai 'yan uwa biyu da za su taimaka, kowa ya riƙe wayarsa a hannunsa ya latsa da kansa. Nan zan dakata, in akwai tambaya bismillah.